"Ƙauyenku wanne?" Yadda ake rufe wa mutum ƙofa, daga jami'ar Alabama zuwa nan Nkembo

Ranar wata Asabar ina zaune a gidan yayata, can bayan kasuwar Nkembo, ina gyaran takardun yaran ajina, sai 'yarta da ke shirin rubuta jarrabawar bak ta miƙo min waya. Bidiyo ne na TikTok: 'yan mata ɗari da ɗoriya suna gudu suna ihu, kowacce riƙe da takarda, a jami'ar Alabama ta Amurka. Ta ce, "Kawu, kai da kake karance-karance, me suke murna a kai? Kuma me ya sa kusan duk farare ne, alhali an ce garin cike yake da baƙaƙe?"

Na ce mata bari in gama da takardun nan. Gaskiyar magana kuwa, ba takardun ne suka hana ni amsawa ba. Tambayar ce ta taɓa min wani tsohon miki, ta kuma tuna min da wani laifi nawa da ban so a tono ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta amsar a nan, don na san ba ita kaɗai ke da buƙatar ji ba.

Mene ne waɗannan ƙungiyoyi?

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai. Ta maza ana kiranta firataniti, ta mata sororiti. Sunayensu haruffan Girkanci ne, biyu ko uku. Ta farko da ta ɗauki irin wannan suna ita ce Phi Beta Kappa, a kwalejin William and Mary, a 1776. Irin waɗanda ake gani yau kuwa, masu gida da shagali da rantsuwar sirri, sun samo asali ne daga Kappa Alpha da aka kafa a kwalejin Union ta jihar New York a 1825.

Kada ka ɗauka wasan yara ne. Ƙungiya tana da katafaren gida da mambobi ke kwana, tana da abinci, tana da tarin tsofaffin takardun jarrabawa, kuma babban abin shi ne tana da tsofaffin mambobi a banki da kotu da majalisa. Wanda ya shiga yana da shekara 18, zai ci moriyar shigar har ya yi furfura. Wanda aka hana, ba biki kawai ya rasa ba, ya rasa hanyar da ake bi a sami aiki.

Yadda ake zaɓen kuwa shi ne inda gizo ke saƙar. A farkon shekarar karatu ana ware kusan mako guda, sababbin ɗalibai na zagaya gidajen, ana hira da su, kullum ana rage sunaye. A wurare da yawa, musamman kudancin ƙasar, an saba yarinya ta zo da wasiƙar shaida daga wata tsohuwar mamba. 'Yar da uwarta ko kakarta ta yi ƙungiyar, an daɗe ana ba ta fifiko. Ga kuɗin shiga da na kowane zango, masu nauyi. Daga ƙarshe a shiga ɗaki a rufe ƙofa a jefa ƙuri'a a asirce. A da can, ƙananan ƙwallaye ake jefawa a akwati, fari na nufin "mun yarda", baƙi na nufin "a'a", kuma a wasu ƙungiyoyin baƙi ɗaya tak ya isa ya kayar da mutum. Ba a faɗin wanda ya jefa, ba a faɗin dalili.

Duba da kyau: a duk matakan nan babu inda aka ambaci launin fata. Amma yarinyar da aka hana kakarta shiga jami'ar ma gaba ɗaya, ina za ta samo kakar da ta yi ƙungiya? Wa zai rubuta mata wasiƙa?

Da ana rubutawa ƙarara, yanzu an daina rubutawa

Shekaru da dama ba a ma ɓoyewa. Dokokin ƙungiyoyi da yawa sun rubuta cewa sai farar fata Kirista. Don haka waɗanda aka kora suka kafa nasu. Ɗalibai Yahudawa sun kafa Zeta Beta Tau a New York a 1898. Ɗalibai baƙaƙe bakwai sun kafa Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell ranar 4 ga Disamba, 1906. Martin Luther King da alƙali Thurgood Marshall duk 'yan cikinta ne. Mata baƙaƙe sun kafa Alpha Kappa Alpha a jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris ta shiga lokacin tana ɗaliba. Har ɗalibai Musulmi sun kafa tasu, Alpha Lambda Mu, a jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, babu giya, babu shagalin dare.

A 1948, reshen Phi Kappa Psi na kwalejin Amherst ya karɓi wani ɗalibi baƙar fata mai suna Thomas Gibbs. Uwar ƙungiyar ta ƙasa ta ce ba ta yarda ba, yaran suka tsaya kan bakansu, sai ta raba gari da reshen. Sannu a hankali, a shekarun 1950 da 1960, jami'o'i suka matsa aka goge waɗancan dokoki daga takarda.

Amma gogewa daga takarda daban, gogewa daga zuciya daban. Ranar 11 ga Yuni, 1963, gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa a jami'ar Alabama don ya hana Vivian Malone da James Hood rajista. Shekara 50 cif bayan haka, a Satumbar 2013, jaridar ɗaliban jami'ar, The Crimson White, ta tona cewa ƙungiyoyin matan fararen fata sun ƙi karɓar 'yan mata baƙaƙe, ciki har da wata mai maki na ƙwarai, jikar wani alƙali da ke cikin hukumar gudanarwar jami'ar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wasu daga cikin 'yan matan da ke ciki sun so su karɓe ta. Tsofaffin mambobi ne, iyaye masu riƙe da asusu, suka taka birki. Sai da ɗalibai da malamai suka yi tattaki, shugabar jami'ar Judy Bonner ta ba da umarnin sake buɗe karɓar mambobi, sannan aka karɓi wasu baƙaƙe. A Maris 2015 kuma bidiyo ya fita na 'yan Sigma Alpha Epsilon a jami'ar Oklahoma, cikin mota suna rera waƙar cewa baƙar fata ba zai taɓa shiga cikinsu ba. Aka rufe gidansu, aka kori ɗalibai biyu.

Na kusa da mu ma akwai darasi. A 1952, a kwalejin jami'a ta Ibadan, ɗalibai bakwai ciki har da Wole Soyinka sun kafa ƙungiyar Pyrates, kuma ɗaya daga cikin dalilansu shi ne yaƙi da ƙabilanci da fankamar 'ya'yan masu hali a kulob-kulob na ɗalibai. Niyya mai kyau. Amma daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, sirri ya yi yawa, rantsuwa ta fi gaskiya ƙarfi, har ta kai ga abin da 'yan Najeriya ke kira ƙungiyoyin asiri. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Duk inda aka ce babu mai tambayar abin da ake yi a bayan ƙofa, to a saurari ɓarna.

Ranar da aka tambaye ni ƙauyenmu

Mu nan Gabon ba mu da haruffan Girkanci, amma muna da namu. Duk wanda ya yi babbar makaranta a ƙasar nan ya san ƙungiyoyin 'yan lardi ɗaya: waɗannan 'yan G2, waɗancan 'yan G4, mu 'yan Woleu-Ntem kuma G9. A ƙarƙashinsu akwai na 'yan gari ɗaya, na 'yan kanto ɗaya. Ba abin zargi ba ne. Yaron da ya baro gida ya faɗo Libreville bai san kowa ba, su ne uwa su ne uba.

Ni a Oyem aka haife ni. A nan aka haifi mahaifina, kabarin kakana yana can. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro ta Kamaru. An san cewa a 1911 Faransa ta miƙa wa Jamus arewacin Gabon aka haɗe shi da Kamaru har zuwa lokacin yaƙin duniya na farko, kuma hanyoyin kasuwanci tsakanin yankunan sun daɗe a buɗe. Haka Hausawa suka zauna a Bitam da Minvoul da Oyem tun kafin a ba ƙasar nan 'yanci ranar 17 ga Agusta, 1960. Ina jin Fang kamar yadda nake jin Hausa, don da shi muka yi wasan ƙasa.

Shekarata ta farko a makarantar horon malamai, na je taron wata ƙungiyar 'yan yankinmu. Sababbi muka yi layi, kowa ya tashi ya faɗi sunansa, ƙauyensu, da danginsa, abin da Fang ke kira ayong. Da aka zo kaina na faɗi sunana, na ce daga Oyem nake. Aka yi shiru. Sai wani daga baya ya ce, "Oyem birni ne. Ƙauyenku wanne?" Aka yi dariya. Na amsa da Fang cewa unguwarmu ita ce ƙauyenmu. Shugaban, cikin ladabi wallahi, ya ce in ɗan jira a waje. Bayan kamar minti ashirin sakatare ya fito ya ce min, "Kwamiti zai duba maganarka, za mu neme ka."

Har na gama makarantar ba a neme ni ba. Da na matsa wa wani da tambaya, sai ya ce, "Kai ma ba za ka ji daɗi ba, ba ka shan giya, ba ka cin abin da muke ci." Ka ji fa. An hana ka, kuma an ce don jin daɗinka ne.

Me na rasa? Tsofaffin tambayoyin jarrabawa da suke rabawa a tsakaninsu. Gado a ɗakin kwana, don manya ke barin wa ƙanana. Asusun da ake ranta wa mamba idan kuɗin tallafin karatu ya makara, kuma ya kan makara. Na yi wata biyu ina takawa a ƙasa daga Nkembo saboda babu kuɗin taksi. Amma don adalci dole in faɗi wannan: wani abokina Bafange, wanda muka yi firamare tare, shi ya riƙa ɗauko takardun yana yi min kwafi da kuɗinsa, kuma ya tashi a taro ya ce abin da aka yi min kunya ne. Na kuma san Hausawa da ƙungiyoyin garuruwansu suka rungume su hannu bibbiyu. Ba ƙabila nake zargi ba. Ɗakin da aka rufe nake zargi.

Kuma wannan tambaya ta "kai ɗan ina ne na asali" ba a makaranta ta tsaya ba. Mu duka mun san yadda a titi ake kiran duk mai doguwar riga "Haoussa" ko "Ouestaf", ko da ɗan Mali ne ko ɗan Senegal, ko da kuwa kakansa a Bitam aka binne cibiyarsa. Mun san sau nawa ake jujjuya takardar haihuwarmu idan mun je yin katin ɗan ƙasa. Ko tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 16 ga Nuwamba, 2024, sai da aka yi doguwar muhawara kan asalin iyayen mai neman shugabancin ƙasa. Maganar asali a ƙasar nan ba ta barci.

Laifi tudu ne

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin rubuta shi. To bai tsaya ba.

Muna da wata 'yar ƙungiya a unguwa, ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikata Musulmi. Adashi muke yi, jaka ashirin kowane wata, da ƙaramin asusu na rasuwa da haihuwa da rashin lafiya. Ni ne sakatare. Dokarmu: mai son shiga ya kawo mambobi biyu su tsaya masa, sannan a jefa ƙuri'a a 'yan takardu, in aka sami "a'a" uku, magana ta mutu.

Shekara biyu da suka wuce wani matashin malami ya nemi shiga. Ɗan Punu ne daga wajen Tchibanga, ya musulunta yana ɗalibi, sahun farko yake sallar asuba, albashinsa ta banki yake fita kamar nawa. Mutum biyu suka tsaya masa. Aka jefa ƙuri'a, na buɗe takardun da hannuna: "a'a" huɗu.

Bayan an watse na bi dattijon da ke shugabantarmu, na ce, "Baba Alhaji, me yaron nan ya yi?" Ya ce, "Malam, ba abin da ya yi. Amma ba mu san asalinsa ba. Gobe in ya ɗauki kwasarsa ya koma wa danginsa, gidan wa za mu je?" Na yi shiru. Washegari na tura wa yaron saƙo a waya. Sai da na danna na tura, sannan na karanta abin da na rubuta: "Kwamiti zai duba maganarka, za mu neme ka."

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kalma ɗaya ban canza ba.

Bayan wata biyar mahaifiyarsa ta rasu a nan Libreville, dangi suka ce sai an kai gawa gida. Wanda ya san kuɗin ɗaukar gawa zuwa Nyanga ya san abin da nake nufi. Ya sayar da kwamfutarsa, ya ci bashi mai ruwa. An ce a wurin makoki wani kawunsa ya tambaye shi, "Ina 'yan'uwan naka da ka bar mu saboda su?" Mun je gaisuwa, mun haɗa ɗan abin da ya samu, amma sadaka daban, haƙƙi daban. Da mamba ne, da ba sai ya sunkuyar da kai ba.

Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, ba sabon musulunta kaɗai muke yi wa haka ba. Mu da aka haifa a nan muna kallon wanda ya zo jiya daga Maraɗi ko Tawa a matsayin ɗan ci-rani, mai katin zama, wanda ba a san ranar tafiyarsa ba. Wajen neman aure har yau ana raɗa cewa wane ɗan mahauta ne, wane jikan wanzamai ne, wane asalinsu bayi ne. Mu ne kuma ranar Juma'a muke kaɗa kai idan liman ya karanto aya ta 13 a Suratul Hujurati, ko ya ba da labarin Bilal da Salmanul Farisi, ko yadda aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina, mutanen da babu dangin iya babu na baba a tsakaninsu.

Shin ƙungiya ba ta da 'yancin zaɓe?

Tana da shi. Wannan ita ce hujjar da ake kawowa a Alabama, ita ake kawowa a nan, kuma ba hujjar banza ba ce. Ba za a tilasta maka aboki ba. Adashi kuwa amana ce tsantsa, babu kotu babu ɗan sanda, wanda ya taɓa ganin an gudu da kwasa ba zai yi wa Baba Alhaji dariya ba. Su ma 'yan uwanmu Fang, tsoronsu na gaske ne: kada abin da ya rage musu na gida ya narke a birni.

Amma akwai bambanci tsakanin sharaɗin da mutum zai iya cikawa da wanda ba zai taɓa iya cikawa ba. Ka ce sai mai gaskiya, sai mai biyan kuɗi kan lokaci, sai mai sallah in ƙungiyar addini ce, duk wannan mutum zai iya ƙoƙari ya kai. Ka ce sai mai ƙauye, sai farar fata, sai wanda muka san kakansa, ka ɗora masa abin da aka gama yankewa tun kafin a haife shi. Sannan duk lokacin da ƙungiya ta zama hanyar samun gado, ko rance, ko aiki, to ta wuce zancen abota kawai. Ta zama mai rabon arziki, mai rabo kuwa ana tambayarsa adalci.

Abin da muka gyara

A taron farkon shekarar nan na tashi na ba da labarin nan duka, har da saƙon da na tura. An yi hayaniya ba kaɗan ba. Daga ƙarshe muka amince da abu huɗu, kuma na kawo su ne ko wata ƙungiyar za ta amfana.

Na ɗaya, an rubuta sharuɗɗan shiga a takarda, ana ba duk mai nema tun kafin ya nema, kuma babu maganar ƙabila ko garin haihuwa ko sana'ar iyaye a ciki. Na biyu, mai cewa "a'a" dole ya faɗi dalilinsa a gaban kwamiti, dalilin kuma ya shafi halin mutumin ne, ba asalinsa ba. Na uku, tsoron gudu da kuɗi an magance shi da hanyar kuɗi: duk sabon mamba, ko ɗan waye, shi ne na ƙarshe a kwasar zagayen farko, kuma masu tsaya masa su sa hannu cewa za su biya in ya gaza. Na huɗu, wanda aka ƙi a gaya masa a fuska cikin mako biyu, da dalili, kuma yana iya sake nema bayan shekara. An hana "za mu neme ka".

Mutum biyu sun fita daga ƙungiyar saboda wannan. Baba Alhaji bai fita ba. Ya ce min, "Ɗana, ni dai kuɗin mutane nake tsoro, tunda kun toshe wannan ƙofar, ba ni da ta cewa." Shi da kansa ya ce in kai wa malamin nan takardar shiga.

Na kai masa har makarantarsu. Ya karɓa, ya karanta, ya yi godiya, ya ce, "Yaya, bari in yi shawara, zan neme ka." Yau wata uku ke nan. Ban ga laifinsa ba, kuma ban daina gaishe shi ba.

'Yar yayata kuwa, wannan ce amsarki, ko da ta yi tsawo. In Allah ya sa kin ci bak kin shiga jami'a, a nan ko a waje, wata rana za a bar ki tsaye a bayan ƙofa, kuma zai yi ciwo. Wata rana kuma ke ce za ki kasance a ciki, da 'yar takarda a hannu, wata tana jira a waje. Ranar farkon ba ki da iko a kanta. Ta biyun ce za a tambaye ki. Allah ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan kanmu ne.